Ta Ce a Goge Awonta, Na Goge

"Wa ya sa ki?" Da haka Alhaji ya tare ni yau, ko sallamata bai amsa ba.

Ni na rubuta manhajar shagon ɗinkinsa na Ƙofar Dundaye, inda ake ajiye awon mata da hotunansu da lambobin wayarsu. Jiya wata baiwar Allah ta turo saƙo cewa ta daina ɗinki wurinmu, a goge komai nata. Na shiga rumbun bayanai, na nemo lambar rajistarta, na ba da umarni, aka share ta kakaf.

Ya ce, "Ɓoye ta za ki yi, in Sallah ta matso mu kira ta. Ita mi ta sani?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na sani. Da awon jikin Hajiyarka ne, za ka yarda a ɓoye, a ce maka an goge?"

Ya ce in mayar. Na ce babu abin mayarwa, da akwai ma ba ni yi.

In aikin zai tafi, ya tafi. Ku masu wannan sana'a ta rubuta manhaja, in aka ce ku goge, gogewa kuke yi ko lulluɓewa?