Auta da Barewar Yaya

Autarmu tun tana ƙarama ba ta san zama ba. In aka aike ta shago, da gudu take tafiya, da gudu take dawowa, rabin man da ta sayo ya tsiyaye a hanya. Da ta zama malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata babu wanda ya yi mamaki. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne komawarta jami'a bayan ta haura talatin, wai digiri na biyu kan yadda jikin mace ke aiki in tana wasan gudu.

"Digiri biyu a guje-guje?" in ji Yaya, babbarmu. "Na ukun a tsalle za ki yi ke nan."

Na taɓa raka ta ɗakin gwajinsu. Ga injin gudu, ga takunkumin roba mai dogon tiyo da take ɗaura wa 'yan wasa a fuska, ga 'yar allurar da take tsira musu a yatsa ta ɗauki ɗigon jini. Tana aiki tana mita, wai yawancin abin da ke littattafan a jikin maza aka auna, kamar mace namiji ce da ba ta gama tsawo ba.

Yaya tana da 'ya mai shekara goma sha shida, muna ce mata Barewa, ita ke wa makarantarsu gudu. Wata safiya Yaya ta zo gidana idonta a kumbure, ta ja mu ɗaki ni da Auta, ta tura ƙofa.

"Watanni ke nan yarinyar nan ba ta ga al'ada ba. Ta rantse har ta gaji, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Ko babanta ban faɗa wa ba."

Auta kuwa mayafinta kawai ta ɗauka, ta ce mu kai yarinyar asibiti. Likita ta yi gwaji ta ce babu ciki. Maimakon Yaya ta huta, sai wani tsoron ya kama ta: kada dai yarinyar ta lalace, ta rasa haihuwa har abada.

Auta ta bi Barewa filin atisaye. Can ta tarar da sikeli a bakin fili. Kocinsu kan jera su su hau a gaban juna, ya riƙa faɗin nauyin kowa da ƙarfi. Ashe Barewa ta daina karin kumallo, abincin rana kuma ƙawaye take juye wa.

"Yaya, yunwa ce," in ji Auta. "Gudun yana cinye ɗan abin da ta ci. Jiki in bai samu isasshe ba, kamar gida yake, sai ya kashe fitilun wasu ɗakuna. Likita ma ta ce haka take zato. A ci, a rage atisaye, a jira."

Abin da ya gudana tsakaninta da kocin ban gani ba. Na dai san Auta in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. Sikelin dai ya bar bakin fili.

Kullum da safe sai ta biya gidan Yaya kafin ta wuce makaranta, ta zauna da yarinyar su ci tare, ƙwai, burodi, madara. Auta ta yi kumatu, muka sa ta gaba da tsiya. Jiran ne ya yi mana tsawo. Uwa da 'ya kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su, don Barewa ba ta manta kallon da aka yi mata ba.

Wata ranar hutu muna falon Yaya, sai muka ji muryar Barewa daga banɗaki, ƙasa-ƙasa.

"Anti Auta, akwai auduga a jakarki?"

Muka kalli juna. Yaya ta fizge jakar, ta je ta tsaya bakin ƙofar, hawaye na zuba, ta kasa ƙwanƙwasawa.

"Barewa, ni ce. Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

Ƙofar ta buɗu kaɗan, hannu ya leƙo.

"Na ji, Mama. Miƙo mini tukuna."