Kujerar Goggo a Motar Baba

Duk wanda ka tambaya a Ƙofar Atiku labarin motar Baba, zai ce maka Goggo ce take kashe mata oda. Ba haka ba ne. Matan gidanmu sun faɗa, maƙwabta sun ɗauka, direba ya rantse. Baba bai faɗa da bakinsa ba, amma ya yi aiki da maganar. Babu wanda ya duba a cikinsu. Ni na duba, ba don na fi su hankali ba, sai don ba ni da haƙurin jin magana ɗaya sau goma.

A shekarar da aka sami 'yancin kai Baba ya karɓi motar daga hannun wani Bature da zai koma gida. Tsohuwa ce tun a lokacin, baƙa, mai doro kamar kunkuru, kujerunta duk sun yage. Baba ɗan kasuwar tufafi ne, ba ya shiga abu yagagge. Sai ya kira baduku, ya ce a yi mata sutura irin tamu. Aka rufe kujeru da bangon ciki da jar fatar akuya, aka bi gefe-gefe da ƙananan ƙusoshin tagulla, a jere kamar haƙoran masara. Mutane har daga Unguwar Rogo suke zuwa leƙen cikinta. Ta yi kyau, ba zan hana ta ba.

Goggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu bayan dukiyarsa ta lalace, ta dawo gidanmu da zama. Mace ce mai jiki, mai tsoron mota. Ranar da ta fara shiga, suna isa bakin kasuwa aka tarar da jakai sun cika hanya da itace. Direba ya danna oda, shiru. Sai da ya fito da kai ta taga yana ihu kamar mai tallar gawayi. Ya gyara da yamma. Aka yi kwanaki ana yawo lafiya, Goggo ta sake shiga, oda ta sake mutuwa. A karo na uku saura kaɗan su take wani tsoho da raƙuminsa.

Daga nan aka tono kalmar da dama take kwance tun rasuwar mijinta: farar ƙafa. Wai duk inda ta taka sai abu ya lalace. Ba a faɗa a gabanta, amma in ta shigo madafi sai hira ta tsaya. 'Yarta ta haihu a Wurno, saura kwana huɗu a yi suna, sai Baba ya ce ai motar kasuwa ta fi sauƙi, Goggo ta bi ta. Goggo ta ce to. Wannan "to" ɗin ne ya ba ni haushi.

Ina hutun makaranta a lokacin. Da hantsi na fita rumfar zana da Baba ya yi wa motar a gefen zaure. Na tarar da direba ya ɗaga murfin inji yana lanƙwasa takardar azurfa ta kwalin taba.

"Ke 'yar boko, mi kika nema nan?"

"Nuna mani abin da ke mutuwa."

Ya nuna mani wani ɗan kwalba, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, da siririyar waya a ciki ta tsinke, cikin ya yi baƙi. "Wanga shi aka ce ma fis. Rago ne. Bature ya bar muna cikin gwangwani, saura biyu. In na naɗe wanga da takardar taba, ko Goggonki goma sunka shiga ba ya mutuwa."

A makaranta an taɓa nuna mana batir da waya da ƙwan fitila a kan tebur. Malamar ta ce ana sa siririyar waya da gangan, don in wuta ta ɓace hanya ita ta ƙone, kada gida ya ƙone. Na gaya masa haka. Na ce in ya ƙarfafa ragon, motar ce za ta ci wuta, da shi a ciki.

Ya ce, "To Baturiya, mi ke ɓad da wutar in ba Goggo ba?"

Ban sani ba. Abin da ya hana ni komawa cikin gida ke nan. Na tambaye shi ko oda kaɗai ke mutuwa. Ya yi tunani, ya ce a'a, har da 'yar fitilar rufi ta ciki, amma wa ya damu da ita. Ni na damu. Oda tana gaba, Goggo tana baya, babu abin da ya haɗa su. Fitilar rufi kuwa a saman kanta take, kuma dole wayarta ta bi ta wani wuri kafin ta hau can.

Na ce nauyi ne. Muka sa sabon fis, muka kinkimo buhun gero daga zaure muka ɗora a kujerar Goggo, ta baya hannun hagu. Direba ya danna oda. Ta yi kuka ras, har kaji suka watse. Ya dube ni yana dariya. "Gero ba shi da farar ƙafa."

Na ji kunya, na kuma ji haushi. Na ture buhun da ƙarfi don in fitar da shi, ya bugi bangon motar. Sai na ji ɗan "tas" daga wajen inji. Fis ya tafi. Saura ɗaya, wani kuma sai an aika Kano.

Direba ya ɓoye gwangwanin a aljihu, ya ce ko Baba ne ya zo ba zai ba ni ba. Na zauna a kan buhu ina juya mataccen fis a hannuna. Siririyar waya a cikin kwalba. Ƙwan fitila ma ai siririyar waya ce a cikin kwalba, sai dai shi in wuta ta bi ta cikinsa haske yake yi, ba ya mutuwa. Na ce a ciro mani ƙwan fitilar rufi. Muka ɗaura masa guntayen waya biyu, muka maƙala shi a gurbin fis. Yana nan a mace. In wuta ta sami ɓarauniyar hanya, zai faɗa mana.

Na shiga gida na kamo hannun Goggo.

"Ɗiyata, bar shi. In ni ce, ni ce. Motar kasuwa ma mota ce."

"Goggo, zama kawai za ki yi, yadda kika saba."

Ta lulluɓa, ta fito, ta yi bisimilla ta shiga. Ta zauna, ƙwai bai kama ba. Na ce direba ya tayar da inji. Motar tana girgiza, Goggo ta yi abin da ban taɓa lura da shi ba: ta matsa can kusurwa, ta manna kafaɗarta da bango, ta riƙe madauri da hannu biyu. Ƙwai ya kama, fari fat.

Direba ya ce, "La'ilaha illallahu!"

Goggo ta leƙo ta ga hasken. Muryarta ta yi ƙasa. "Kin gani ko? Ni ce."

Na ce ta fito. Ƙwai ya mutu. Na shiga na danna tafin hannuna daidai inda kafaɗarta take. Ya kama. Na saki, ya mutu. Na sa direba ya danna, ya kama. Muna cikin haka Baba ya dawo daga kasuwa, ya tarar da buhu a ƙasa, murfin inji a sama, yayarsa a tsaye a waje.

"Mi kunka yi ma motata?"

"Baba, danna nan."

Ya harare ni, amma ya danna. Ƙwai ya kama.

"Ashe kai ma kana da farar ƙafar," na ce.

"Bakinki zai ja maki wata rana," in ji shi. Bai cire hannun ba. Ya saki, ya sake dannawa, ya saki, yana kallon ƙwan kamar yaro.

Direba ya cire kan batir, ya kawo wuƙa, muka ɗaga fatar a hankali, Baba yana cewa kada a yaga masa. A bayanta ga waya nan ta hau bango za ta rufi. Ɗaya daga cikin ƙusoshin tagullar ta huda ta ta tsakiya, bakinta ya tsaya gab da ƙarfen mota, tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Baduku sirdi da jaka da kuben wuƙa ya sani, bai taɓa aikin da ke da jijiya a bayansa ba. Ya ga wuri, ya buga. Kowa kuma yana zama a tsakiyar kujera yana kallon gari. Goggo kaɗai tsoro ke kai wa kusurwa.

Muka zare ƙusar, muka naɗe wayar da robar tayar keke, aka sa fis na ƙarshe. Goggo ta shiga ta manne da bango iya ƙarfinta. Direba ya danna oda har maƙwabci ya leƙo ta katanga. Baba ya gyara hula, ya ce wa direba a sha mai, jibi da safe za a kai Yaya Wurno. Goggo ta fito daga motar. Ta miƙo hannu, na sa mata ƙusar, ta ƙulle ta a bakin mayafi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina shiga cikin gida da la'asar na ji Inna tana gaya wa wata maƙwabciya, "Wai ƙusa ce. To mi ya sa ƙusar ba ta tashi ba sai da ita?"

Su ba sa fita, ba su ga ƙwan ba, labarinsa kawai suka ji daga bakin yarinyar da suka san ba ta da ta-ido. Motar kuma ba za ta shiga ta zaure ba. Amma batir zai shiga. Na yanke cewa gobe da hantsi, kafin a ɗora tukunya, zan sa direba ya kawo mani shi bakin ƙofa, in ari ƙusar a wajen Goggo, in shimfiɗa waya da ƙwai da murfin langa a tsakar gida. Kowace mace sai ta danna ƙusar a kan murfin da hannunta ta ga ƙwai ya kama, kuma da Inna zan fara.