Ƙararrawar Keken Nababa

A duk ƙauyen Dogon Marke mutum ɗaya ne ya san dokar hanya, shi kuwa Allah bai ba shi mota ba. Sunansa Nababa, mai fataucin kaji da zabi, wanda ya shekara arba'in da 'yan kai yana bin titin Ɗambatta a kan wani baƙin keke irin na da, da kwando ɗaure a kariya. Dokar ya same ta ne a wani ɗan littafi da ma'aikatan kiyaye haɗurra suka raba a kasuwa wata shekara. Sauran jama'a sun hura wuta da nasu, mai ƙosai ta tattara abin da ya rage. Shi kuwa da yake ya taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ya zauna ya haddace nasa daga bango zuwa bango. Kuskurensa ɗaya ne: ya ɗauka tunda an buga littafin, kowa ma ya karanta.

Abin da ya fi shiga ransa a ciki shi ne shafin da ya ce keke ma abin hawa ne, yana da hannunsa a gefen dama na kwalta, kuma motar da ta biyo shi sai ta jira hanya ta buɗe sannan ta wuce ta hagu. Tun ranar da ya karanta wannan bai sake sauka daga kwalta don wata mota ba. Duk mai keken da ke da hankali a yankin, da ya ji ƙarar inji a bayansa, zai faɗa cikin yashin gefe, ƙura ta lulluɓe shi, ya gode wa Allah ya ci gaba. Nababa kuwa sai ya ƙara gyara zama a sirdi. In zai karya kwana sai ya miƙa hannu, ko da babu kowa a titin sai tumaki. Ƙararrawarsa kullum a goge take, kuma ba ya kaɗa ta sai da dalili.

Direbobi ma suna da tasu dokar, wadda ba a rubuta ba amma ba wanda ya taɓa mance ta. Tirela ce a sama, sai tifa, sai bas, sai babur, sai akuya, sannan mai keke. Akuya ta sha gaban mai keke ne saboda tana da mai ita da zai fito ya tare hanya.

Cikin direbobin nan wanda ya fi shan fama da Nababa shi ne Basiru, mai jan bas ɗin da ke kai mutanen ƙauyen kasuwa. Ɗan wani marigayi aminin Nababa ne, don haka da asuba a ƙofar masallaci har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi, ya tambaye shi jikin matarsa, Inna Hure. Bayan awa biyu kuma sai ka gan shi ya leƙo da kai ta taga, yana bin bayan keken kamar mai rakiyar gawa, yana roƙon Baba ya taimaka ya ɗan sauka. Nababa ba ya ko waiwaye. Lambar shafi kawai yake faɗa masa.

Rashin waiwayen nan shi ne abin alfaharinsa. Yana cewa mai keke na gaske da kunne yake tuƙi, kuma gaskiya ne ya san kowace mota da muryarta: ta Basiru tana tari kafin ta hau tudu, tifar yashi tana gurnani tun daga nesa. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kunnen ya fara gajiya. Matarsa Hure ta sani, domin sai ta kira shi sau uku kafin ya amsa, sannan ya ce tunani yake yi.

Sau biyu ya faɗi a shekarun baya. Na farko iskar tirela ce ta watsar da shi a gonar gyaɗa, na biyu madubin wata ƙaramar mota ya taɓa masa gwiwar hannu. A duka biyun shi ke da gaskiya, kuma a duka biyun shi ya kwanta. Bayan na biyun ne babban ɗansa Kamilu, wanda ke koyarwa a firamare a Zakirai, ya zo gida ya zauna a gabansa cikin ladabi, ya sunkuyar da kai, ya ce in aka yi na uku za a rataye keken a soron gidan, ba sayarwa ba, ba bayarwa ba, ratayewa. Hure tana daga bakin murhu ta ce ita za ta kawo igiyar.

Wannan magana ta tsaya wa Nababa a rai fiye da ciwon hannun. Ya san inda tsofaffin da suka daina fita suke ƙarewa: tabarmar gindin marke, inda sa'o'insa ke zama tun hantsi suna jiran azahar, ana kawo musu labarin kasuwa bayan ya huce. Tsoron tabarmar nan ya fi masa tsoron tirela nesa ba kusa ba.

Sai ga shekarun da fetur ya tashi ya bar kowa a ƙasa. Masu babur suka jingine baburansu, suka shiga ɗakunan ajiya suna tono kekunan iyayensu. Malaman da a da suke wuce Nababa suna bulbula masa hayaƙi, yanzu ga su nan suna haki a bayansa, gwiwa na ƙara. Bai yi musu dariya a fili ba, amma ya riƙa tsayawa yana koya musu yadda ake miƙa hannu, su kuwa suna amsawa da to Baba, suna faɗawa yashi da zarar sun ji mota. Shi dai a ganinsa duniya ce ta dawo hankalinta.

Direbobi kuma wahala ta koya musu sabuwar fasaha. Duk inda aka samu gangare, sai a sa mota a firi, a kashe inji, ta riƙa silalowa shiru da ikon Allah. Basiru ya ƙware a wannan har yana fariya da cewa daga kan tudun Marke zuwa gadar rafi ba ya ƙona ko cokali ɗaya. Hon ɗinsa ya mutu tun damina, gyara kuwa sai an ci an ƙoshi, don haka in yana son a kauce sai ya fito da hannu ya bubbuga ƙofa. Ba wanda ya ga aibun wannan. Kowa ya san halin da ake ciki.

Da kaka ta yi, gefen titi ya cika da shanya kamar kowace shekara. A ƙasar da gona ke manne da gona, ba fili mai tsabta irin bakin kwalta, saboda haka nan ake baza dawa da wake da barkono, a dasa duwatsu a gefe. Kuma duk rashin tarbiyyar mutum ba ya taka abinci. Ko direban tifa da bai san sunan birki ba yana kauce wa shanya, balle a shekarar da kowace ƙwaya aka san da zamanta.

Ranar wata kasuwa da hantsi Nababa ya kama gangaren Marke da zabi tara a kwando. A damansa dawar Sauda ce a baje, wata bazawara mai marayu huɗu, kuma abin da ta noma ke nan duk shekarar. Yana tafe a hannunsa na doka, yana sauraro kamar yadda ya saba. Bai ji komai ba, domin babu abin ji. Bas ɗin Basiru tana biye da shi shiru, cike da mutane da buhuna, tana ƙara gudu. Basiru ya taka birki ya ji shi kamar dutse, domin birkin motar ba ya kamawa sosai in inji a kashe yake. Ya bubbuga ƙofa har tafinsa ya yi zafi. Nababa ya ji bugun can nesa-nesa, ya ɗauka mata ne ke sussuka a bayan gari. Ta hagu kuma ga tirelar hatsi ta taso ta cika hanya.

Abu biyu ne suka rage wa Basiru, ya bi ta kan aminin ubansa ko ta kan dawar marayu. Ya yi salati ya karya sitiyari dama.

Nababa dai ya ga wani farin abu ya wuce ta inda littafi ya ce mota ba ta wucewa, dawa na tashi sama kamar ruwa. Buhun da ya leƙo ta bayan motar ya taɓa kwandon, keken ya juya, ya tsinci kansa zaune a tsakiyar kwalta, hula a gefe guda. Zabi tara suka ga ƙofa a buɗe, suka yi gonaki, ba su ko yi sallama ba. Bas ta je ta tsaya da ƙyar a cikin yashi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Nababa ya kuje a gwiwa da goshi, kuma abin da ya fara faɗa da aka ɗaga shi shi ne a shaida a hannunsa yake.

Ba wanda ya tsaya shaidawa. Fasinjoji duk sun durƙusa a cikin yashi suna tsince dawa da hannu, maza da mata, Basiru a cikinsu yana hawaye. Sauda ba ta zagi kowa ba. Ta zauna a kan dutsen shanyarta ta riƙe haɓa tana kallo.

Da la'asar aka taru a zauren mai unguwa Ja'afaru. Nababa ya zo da littafinsa a cikin leda, ya buɗe shafin ya karanta a tsaye. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi Basiru ko doka ta yarda a kashe inji a gangare, Basiru ya ce ba ta yarda ba, amma a nuna masa direban da ba ya yi. Ya tambaya ko doka ta yarda a yi shanya a titi, aka ce ba ta yarda ba, amma wake na matar mai unguwa ma yana can a baje. Sai mai unguwa ya yi gyaran murya ya yanke cewa kowane gida zai kai wa Sauda abin da ya sawwaƙa daga rumbunsa, Basiru kuma ya gyara hon in Allah ya hore. Sannan ya juyo.

"Malam Nababa, kai kaɗai ne ba ka karya doka ba. Gaskiya taka ce, kowa ya shaida."

Shekara arba'in yana jiran wani mai rawani ya faɗi wannan a gaban jama'a. Ya fito zauren yana ɗingishi, ransa fari ƙal. Da ya isa gida ya tarar Kamilu ya iso daga Zakirai, yana tsaye a kan turmi a cikin soro, Hure tana miƙa masa igiya.

Ya ce musu mai unguwa ya ba shi gaskiya. Kamilu ya ce sun ji, kuma suna taya shi murna. Hure ta ce ya kawo gaskiyar ta ajiye masa tare da littafin, ita dai ba za ta yi takaba da ita ba. Bai yi musu ba. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya kwance ƙararrawar, ya kwance ta da kansa, ya sa a aljihu. Keken ya hau sama, tayoyinsa na juyawa a hankali har suka tsaya.

Mako uku ya yi a tabarmar gindin marke. An yi masa wuri mai kyau, an ba shi labarin kasuwa bayan ya huce, kuma ya rame. A na huɗu Hure da kanta ta ɗaure masa kwandon kaji ta ce ya bi mota kamar kowa. Basiru ya fito da gudu ya karɓi kwandon, ya sauke wani daga gidan gaba ya zaunar da Baba kusa da taga. Hon dai Allah bai hore ba tukuna.

Suna kaiwa kan tudun Marke, Basiru ya saci kallon Nababa, ya kalli allurar mai, ya murɗe makulli. Motar ta yi tsit ta fara silalowa. Can gaba ga wani mai keke, Malam Sabo na makarantar Islamiyya, ɗaya daga cikin waɗanda Nababa ya koya wa miƙa hannu, kuma ashe shi kaɗai ne karatun ya shiga. Yana tafe a gefen dama na kwalta, ya miƙe a sirdi, ba ya waiwaye. Shanya a damansa. Tifa na tahowa ta hagu.

Nababa ya zuba wa keken ido. Daga nan sama, keken ɗan mitsitsi ne, kuma bas ba ta da niyyar tsayawa. Ya zaro ƙararrawar ya fitar ta taga ya kaɗa da duk ƙarfinsa. Malam Sabo ya ji ƙararrawar keke a bayansa, sai ya ɗaga hannu cikin natsuwa, kamar yadda aka koya masa, ya yi wa ɗan'uwansa mai keke alamar ya wuce.

"Sauka daga titi, Sabo! Mota ce! Sauka!"

Muryar ta fito har fasinjojin baya suka zabura. Malam Sabo ya yi tsalle ya faɗa wani ɗan fili tsakanin shanya biyu, keke a kansa, bas ta wuce. Basiru ya tayar da inji tun ba a kai gada ba, idonsa a kan titi. Ba wanda ya yi dariya a motar.

Nababa ya daɗe yana kallon ƙararrawar a tafin hannunsa. Da suka shiga Ɗambatta, kafin ya sauka, ya ciro wani zare daga bakin kwandonsa ya ɗaure ta a jikin madubin Basiru, ya ja ƙullin sosai. Ya ce a riƙa goge ta, ba ta son tsatsa.