Gwiwar Chundung

A kasuwar Farin Gada ana cewa gwiwar Chundung ta fi rediyo saurin labari. Wai duk ranar da ta kumbura, ba a kwana uku sai an ga hayaƙi a Jos. Har wani ɗan dako ya rantse ya ji gwiwar tana magana da Turanci.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na fi kowa sani, don ni na ƙirƙiro ta. Chundung 'yar kawuna ce, abokiyar wasana, kabeji da karas take sayarwa. Tun da motar kaya ta danne mata ƙafar hagu, shekara goma sha biyu ke nan, kullum cikin ciwo take. Ranar rikicin 2001 gwiwar ta yi ciwo, ranar Kirsimeti ma ta yi. Labarin na farkon ne kawai na kai teburin mai shayi.

Wasa fa ya fi ƙarfina. Ana saura mako guda zaɓen ƙananan hukumomi na 2008, da ta ɗan cije leɓe sai ka ga ana tattara buhuna. Wasu samari suka fara tsayuwa gaban rumfarta, ba sa sayen komai. "Wa ke gaya mata?" in ji ɗayansu. "Ko mayya ce, ko da ita ake shiryawa."

Sai Chundung ta daina ɗingishi. Ta ɓoye sandarta ƙarƙashin buhuna, tana takawa kamar soja, zufa na keto mata cikin sanyin Nuwamba. A coci ma ta hana a ambaci sunanta a addu'ar marasa lafiya.

Matan zumunta na cocinsu ne suka gano tana ɓoye ciwon. Ranar Talata su shida suka iso kasuwar, suka kewaye ta, wannan da ruwan ɗumi, waccan da man zafi. Kubra mai tumatir, maƙwabciyarta Musulma, ta ɗora ƙafar bisa cinyarta, samarin na kallo. Shugabar matan ta ce, "Yi kukanki, 'yar'uwa, Yesu ma ya yi." Chundung ta yi kuka har kabejin ya jiƙe sharkaf. Samarin suka ja baya, amma tsallaken titi kawai suka koma suka tsaya.

Na matsa na ce, "Annabiya, yau me gwiwar ta hango?"

"Pwajok, gwiwata ciwo kawai take yi. Bakinka ne ke neman a ƙone ni da raina. Miƙo mini sandata, ka tsallaka titin nan ka gaya musu kai ne."