Sukari Bakwai a Kofin Yari

Ka taɓa ganin mutumin da ke ciyar da ciwonsa da hannunsa?

Ga shi zaune a teburin mai shayi, bakin tashar Illela, dogo, ramamme, sai ciki a kumbure kamar kwaɓin burodi. In ya yi hamma, harshensa fari fat. Mai shayin yana kiransa Yari. Ya zaro kafso biyu daga aljihu, yana korawa da shayin da ya jefa wa sukari ƙwaya bakwai. Bakwai cif!

"Haba Yari," in ji mai shayi, "ba likitan Ƙonni ya ce ƙila yis ne, irin mai kumbura burodi, ya yi yawa a hanjinka ba? Ya ce ka bar zaƙi da kafson nan."

"Mi ya sani? Shekara ukku ina fama, asibiti huɗu, boka biyu! In ban sha zaƙi ba, ko buhu guda ba ni iya ɗagawa. Ƙaro ɗaya!"

Da gani ɗan dako ne, mai iyali da ke jiran cefane. Abin da ban haushi. Amma kafin ka zarge shi, gwada shan shayinka ba sukari, kwana bakwai kacal.