Kwalin da Ban Juya Ba

Na manta sunayen tituna da yawa a Riyad, har lambar wayar da na riƙe shekara bakwai ta ɓace mini, amma ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya ɗauke wata ranar Laraba da na yi a wani ɗan shagon takalma a unguwar Dira. A ranar na kusa koro kaina gida da hannuna. Kuma ba sata na yi ba, ba faɗa na yi ba, tunani kawai na tafi.

Ni baduku ne ɗan baduku, a Kano na buɗe ido na ga basilla a hannun mahaifina. Neman abinci ya kai ni Saudiyya, na bar mata da 'ya'ya uku suna jiran abin da zan aiko. Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai shagon zubairiyya, wato takalmin fata na gargajiyar mutanen Najdu, mai zoben babban yatsa da faffaɗan maɗauri mai ado. Dattijon asalinsa Bahaushe ne, kakansa ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Hausarsa irin ta da ce, in yana magana sai ka ji kamar kakarka ce ta tashi daga kabari. Shi ne kafilina, zamana a ƙasar yana hannunsa, in ya sa hannu a takarda gobe ina cikin jirgi. Baba muke ce masa, shi kuma yana kirana Bakano.

Mu huɗu ne a ƙarƙashinsa: ni, da wani mutumin Damagaram mai bakin tsiya, da wasu 'yan Yaman biyu. Kowa takalminsa yake yi daga farko har ƙarshe. In mai saye ya zo sai ya taka kwali, a zana ƙafarsa ta dama, a yanke zanen. Ka ɗora kwalin a kan fata ka yanka na dama, ka juya shi ka yanka na hagu a gefensa, a fata guda, don launi da laushi su zo ɗaya. Wannan juyawar ba tunaninta ake yi ba, hannu ne ya saba, kamar yadda ba ka tunanin kai loma baki.

Sai dai kasuwa ta fara guduwa daga gare mu. Takalman kamfani na shigowa katan-katan daga ƙasashen waje, masu sheƙi, masu araha. Wata rana tun safe har a rufe shaguna don sallar Azahar ba wanda zai leƙo, sai 'yan yawon buɗe ido da suka fito daga ganuwar Masmak, su ɗauki hoto su wuce. Baba dai carbinsa kawai yake ja.

Ana cikin haka ɗansa ya dawo daga Amurka, inda ya yi karatun kasuwanci. Mutum ne mai kirki, amma jininsa a tafashe yake, Hausarsa kuma ta fi ta jariri kaɗan, rabi Larabci, sauran Turanci. Wata rana bayan La'asar, ƙofar shago tana rabi a sauke, zafi ya kwantar da kasuwa, muna shan shayi, sai ya fara ba mu labari.

"Yuba," ya ce wa mahaifinsa, haka suke kiran uba a can, "abin da yake samunmu ya samu mutanen Amurka tun shekara ɗari biyu. Same story, wallahi."

Ya ce a da, a arewa maso gabashin ƙasar, mai takalmi ɗan ɗaki gare shi a bayan gida, shi da iyalinsa, yana yi wa maƙwabta waɗanda ya san ƙafarsu. Sai aka haƙa hanyoyin ruwa, daga baya aka shimfiɗa dogo, kaya suka fara isa garuruwan da mai su bai taɓa jin sunansu ba. Sai 'yan kasuwa suka raba aikin: a yanka fata a wuri ɗaya, a kai wa mata gida su ɗinka sama, wasu su haɗa da tafi. Daga baya aka tara kowa a ƙaton gini, ƙararrawa ke kiran mutane aiki, injuna na juyawa. Ana cika ganguna da takalma ana aika wa ƙafafun da ba wanda ya taɓa gani. Ya ce da farko ma ba ruwansu da dama ko hagu, a miƙe ake yin su, ƙafa ce za ta koya wa takalmi hanya. Manomin da a da yake yin komai da hannunsa ya koma saye a kasuwa, mai sana'ar kansa ya koma ɗan albashi, talaka kuma ya samu takalmin da a da sai mai hali.

Baba ya tambaye shi, "To masu ɗan ɗakin nan fa, ina suka tafi?"

"Sun shiga kamfani, Yuba. Wanda ya ƙi, halas, kasuwa ta wuce shi."

Ni dai tun daga "hanyoyin ruwa" na bar shagon. Halina ke nan tun ina ƙarami, in aka ba ni bakin labari sai in ƙarasa shi da kaina ido biyu. Na riƙa ganin wani kogi mai sanyi yana gangarowa tsakanin itatuwa, ƙanƙara ta yi fari fat a kan rufin ɗakuna, wani jirgin ruwa yana tafiya a hankali, doki na jan sa daga gaɓa, ganguna cike da takalma. Ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, amma a ranar na ji sanyinta a wuyana. Raina ya so labarin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi mako biyu ba sai ga aiki ya faɗo. Wani attajiri a unguwar Nasiriya zai aurar da ɗansa, yana son zubairiyya ƙafa arba'in, launi ɗaya, don mazan dangi su sa ranar rawar takobi. Ƙafa arba'in wari tamanin ke nan, kuma kwana goma sha biyu ya bayar. A yadda muka saba, ba za mu gama ba ko da aljanu sun taya mu. Ɗan Baba ya ce ga damar gwada tsarinsa. Baba ya ce, "Bismillah, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza." Ya fito da fatun raƙumi da ya daɗe yana ɓoyo, rini guda, ja mai duhu kamar dabino ya nuna. Daidai aikin suke, babu rara.

Aka raba mu. Ni yanka kawai, tafi da maɗauri, tunda hannuna ya fi faɗawa daidai. Na Damagaram huda, ɗaya ɗan Yaman ado, ɗayan haɗawa. Babu zanen ƙafar kowa, kwalaye ne masu lamba. Ɗan Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, wannan juya-juya da kake yi kowane wari ɓata lokaci ne. Ka yanka duk na dama tukuna, ba'aden ka juya sau ɗaya ka yi na hagu. Kada ka tsaya haɗa su, jefa a kwando. Yalla!"

Ranar Laraba ce. Na zauna a kusurwata, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, hasken rana ya ratso ta ƙasan ƙofa ya kwanta a kan fatun. Wuƙa tana tafiya sul-sul, warin fata yana tashi. Ban taɓa jin sauƙin aiki irin na ranar ba. Babu tunanin ƙafar wani, babu tunanin ado, hannu na yi, kai kuwa an sallame shi. To ina zai tafi in ba Amurka ba? Na gina kamfani a bakin kogin nan nawa. Na sa masa tagogi dogaye. Na ɗauko shi cak na dasa a bakin Kogin Challawa, na ɗauki duk dukawan unguwarmu aiki, jirgin ƙasa yana tsayawa a ƙofa yana ɗibar kaya zuwa Legas. Har na ga matata a mota, tana yi wa maƙwabta hannu. Aka yi Azahar, na yi salla na dawo na ɗora daga inda na tsaya, a mafarkin da kuma a fatar. Kafin Magariba fatu sun ƙare ƙaf, kwanduna sun cika. Ɗan Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Mumtaz!" wato madalla. Na tafi masauki ina jin kaina kamar wani babban mutum.

Kwana huɗu kayan suna wucewa daga hannu zuwa hannu. Mai huda ya huda, mai ado ya yi adonsa mai kyau, mai haɗawa ya haɗa. Ran na biyar aka kawo akwatunan kwali za a jera. Ɗan Baba ya ɗauki wari ɗaya, ya ɗauki wani zai haɗa su, sai ya ajiye ya ɗauki wani. Ya sake ajiyewa. Ya juye kwandon gaba ɗaya a ƙasa. Ni ina kallo, sai na gane tun kafin ya buɗe baki. Zoben yatsa duk gefe ɗaya suke kallo. Wari tamanin, duk na ƙafar dama. Ban juya kwalin ba ko sau ɗaya.

Sai mutumin Damagaram, wanda ko a gidan makoki ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce wa ɗan Baba a hankali, "To ai ka ce a Amurkan ma ba dama ba hagu."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan Baba ya yi ja, ya juyo kaina. "Huruj!" ya ce. "Yuba, ka yi masa huruj niha'i, gobe-gobe ya koma ƙasarsu!" Wato a soke zamana, fita ba dawowa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. 'Ya'yana suka tsaya mini a ido ɗaya bayan ɗaya. Me zan ce a gida? In ce an koro ni don na tafi Amurka a zaune? Abin da na ce kawai, "Baba, laifina ne, ba ni da ta cewa."

Baba ya taso da sandarsa, ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki wari ɗaya yana juya shi. Ya dubi na Damagaram. "Kai, wari nawa ka huda?"

"Tamanin, Baba."

"Ba ka ga komai ba?"

"Ni huji aka ce in duba."

Ya tambayi 'yan Yaman da Larabci, amsa ɗaya: wannan ado ya duba, wancan ɗinki. Sai ya juya ga ɗansa. "Kai kuma kullum kana zagayawa kana cewa mumtaz, me kake dubawa?"

"Yawan da aka yi, Yuba."

"To. Mutum biyar masu ido, kwana biyar, ba wanda ya ga takalmi. Da a da ne, wari na biyu ba zai bar hannun Bakano ba sai ya gane. Ya yi wauta, ba shakka, kuma zai ji a jikinsa. Amma ban ga yadda zan kori mutum ɗaya a kan makantar da aka raba mana mu duka ba. Ni ne kafilinsa, ba zan sa hannu ba."

Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan fata, ni da gemuna.

Abin dariya, tsarin da ya jefa mu rami shi ya fid da mu. Kwana shida suka rage, ba yadda za a yi na hagu su samu sai an sake raba aikin. Baba ya yi ta yawo a kasuwa har ya samo fatu masu kusa da launin, ya haɗa rini mai duhu da hannunsa ya bi dama da hagu duka don su yi kama. Ni na yanka, kuma kowane wari sai na ɗaga shi sama na nuna wa jama'a kamar ɗan dako ya tsinci kuɗi. Muka kai kaya ana gobe biki. Attajirin ya karɓa yana yatsina fuska, ya ce ba wannan launin ya zaɓa ba, kuma bai sake tako shagonmu ba. Sauran na daman da suka yi yawa suka zauna a buhu a bayan ƙofa, kullum in na shigo sai mun haɗa ido.

Ba zan yi ƙarya in ce tsohon tsari ya ci nasara ba. Bayan shekara biyu ƙafafun Baba suka gaza, aka rufe shagon Dira. Ɗansa ya buɗe babbar ma'aikata a unguwar masana'antu, da injuna, yana aika kaya har Kuwait da Dubai, yana ciyar da gidaje fiye da yadda ɗan shagonmu ya taɓa yi. Gaskiyarsa ce, kasuwa ba ta jiran kowa. Da aka zo mayar da iƙamata, wato takardar zamana, hannunsa na ɗauka ranar sallama ta zo, don ban manta abin da ya ce ba. Sai ya kai ni can ƙarshen layi, inda ake haɗa wari da ɗan'uwansa kafin a rufe akwati, ya nuna mini kujera.

"Nan ne wurinka, ya ahi," ya ce. "Yuba ya ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya duba."

Shekara huɗu na yi a kujerar nan, kuma da ita na yi wa 'ya'yana makaranta.

Abin da na koya shi ne, raba aiki yana kawo yawa da araha, kuma ba mai iya mayar da zamani baya. Amma duk sanda aka miƙa wa mutum guntun aiki aka ce kada ya dubi sauran, to an ba hankalinsa hutu, hankali kuwa in ya samu hutu tafiya yake yi. Har yau ina mafarkina ido biyu, ba a raba mutum da halinsa. Sai dai ko me aka ba ni in yi, komai ƙanƙantarsa, ba na sa hannu sai na tambayi kaina ƙafar wa zai shiga.