Sawun Da Na Gani Cikin Toka

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Ba ɗana Nura ba, ba Baturen ba, ba ma aladun ba. Ni ne, Malam Idi na unguwar Gorton a Ingila, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya ga ilimi ya ishe shi, har yau kuma yake ba masu digiri shawarar da ba su nema ba.

Muna yara a ƙauye, idan aka fara cirar gyaɗa, kakarmu Iya Tabawa takan hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta bayan an ci tuwo. Ta tura gyaɗa cikin rushi, mu kewaye ta muna miƙa ƙafafu. A cikinmu akwai Kande, 'yar baffana, wadda ita ce Hajiyar gidana yau. Iya takan kalle ni da gefen ido ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya matsa daga wuta. Da kai nake, maigida." Sai in rantse idona biyu.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta Tanko mai gonar rogo a bakin daji. Kullum ya je da safe sai ya tarar an tone masa kunya biyu ko uku. Mutane suka ce gadu ne. Iya ba ta kiran sunansa idan rana ta faɗi, sai dai ta rage murya ta ce mugun dawa. Tanko bai yarda ba. Ya kwaso toka ya barbaɗa ta kewaye da gonar. Da gari ya waye, a bakin kowane rami ya ga shaidar gwiwa biyu, a gefe kuma ga sawun maƙwabcinsa, Jatau maharbi.

"Sai Tanko ya riƙe haɓa," in ji Iya, ita ma tana riƙe da tata. "Ya ce, yaushe dabba ta fara durƙuso? Wannan aikin ɗan Adam ne."

Daga nan ban san kome ba. Ɗumin wuta da gyaɗa mai zafi sukan haɗa baki su kayar da ni, sai dai in farka a kan tabarma. Amma me ya rage a ji? An kama ɓarawo. Na girma da darasi biyu a kaina: toka ba ta ƙarya, maƙwabci kuma abin sa wa ido ne.

Da darussan nan na zo Ingila, na yi shekaru ina gadi. A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta rufe ɗakin karatun da nake tsaro, aka sallame mu. Na zauna a flat ɗinmu na bene ina leƙen taga, ina lura da wanda ya zuba shara a kwandon wani. Jinina ya hau. Likitata ta ce in nemi abin motsa jiki, Hajiya ta ce in nemi abin da zai fitar da ni daga gabanta.

Nura, wanda ke aikin akanta a Birmingham, shi ya samo maganin. Akwai wani tsohon manomi, Mista Alan, can bakin wani daji wajen iyakar Wales, inda Nura ke sayen ragon layya. Ya ara mana wani yanki na filinsa. Muka koma gidan Nura a unguwar Balsall Heath don mu yi bazara, duk ƙarshen mako ya kai ni gonar. Na shuka masara, dankali da alayyahu. Yakuwa ta leƙo, ta ji sanyi, ta fasa. Ranar da masarata ta kai ƙugu, na ji na koma mutum. Har na sa jikoki su riƙa ce mini Sarkin Noma.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Bature ya ba ka fili kyauta, a ƙasar da ko ajiye mota sai an biya? Na ce a raina, so yake mu share masa, mu zuba taki, sannan ya kore mu.

Wata Asabar muka tarar an birkice layin dankali.

"Baba, wild boar ne," in ji Nura. "Aladun daji. Sun yi yawa a dajin nan."

"Aladun daji? A ƙasar da kare ke sa riga? Nura, karatu ya yi maka yawa."

Na je wurin wani mai tsire a unguwar, na roƙi tokar gawayinsa buhu biyu. Nura ya ɗora a motarsa yana huci. Na barbaɗa ta kewaye da gonar da yamma, muka koma washegari. Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro: sawun takalmin roba, babba, ya bi shinge daga farko har ƙarshe. Akwai sawun kofato ma, amma na ce tumakinsa ne.

Na iske Mista Alan yana ba tumaki ciyawa. Nura na jan rigata yana "Baba, please", ni kuwa na tattaro Turancina gaba ɗaya, na gaya masa na ga ƙafarsa, kuma mu ba yara ba ne. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya ce shi ke nan, ba zai sake taka wurin ba, kuma idan mun girbe abin da muka shuka, zai karɓi filinsa.

Mako na zagayowa babu abin girbewa. Masara a kwance, dankali ko na shaida babu. Da rana tsaka na ga uwar aladun da idona, baƙa, da 'ya'yanta masu zane a baya, tana fita ta ƙarƙashin wayar shinge ba ta ko sauri. A wurin matar Mista Alan Nura ya ji sauran: kullum da sassafe tsohon kan zagaya da karensa, ya kore su, ya ɗaure wayar da suka ɗaga.

Da muka dawo gida, Hajiya ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, wai tokar Tanko ka yi?"

"Ita. A wurin Tanko ai ta yi aiki."

"Wane aiki? Gwiwar ta gadu ce, a durƙushe yake tono. Jatau kuwa koro yake zuwa yi. Tanko ya kunyata shi gaban mai gari, ya kwashe karnukansa ya bar ƙauyen, gadu ya zo da danginsa suka cinye gonar. Duk yaran gidanmu sun san wannan."

Ta yi dambun nama, na sa babbar riga, muka je. Na ba Mista Alan haƙuri da Turanci, da ya ƙare na ƙarasa da Hausa. Ya daɗe yana kallon dambun, ya ɗanɗana, sannan ya ce in dawo baɗi, amma in bar toka a Birmingham.

Yanzu idan ina ɗaure wayar shinge tare da Mista Alan, nakan tuna Iya. Toka ba ta yi mini ƙarya ba, ta nuna wanda ya zo. Abin da ya kawo shi ne ba ta faɗa ba, ni na cike wannan da abin da ke cikina tun kafin in barbaɗa ta. Na gaya wa Hajiya haka, da muryar malamai, na ƙara da cewa Iya ma da laifinta, da ta riƙa ajiye darasi a ƙarshe lokacin da yara sun gaji.

Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Iya ta kai ƙarshe kowane dare, Malam. Kai ne ka ɗauko rabin tatsuniya ka hau jirgi da ita. Kuma wai a haka Turawa suka ba ka gadi."